Tambaya da Amsa: Karon Farko a Tseren Keke Kan Duwatsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 23, mazaunin Garwa a ƙasar Kamaru, kuma ina da keken daji irin wanda muke kira VTT, na gwanjo ne da na saya bara. Matasan unguwanninmu sun shirya tseren 'yan koyo a turbobin da ke gindin tsaunukan Tingelin a ƙarshen watan Fabrairu, zagaye huɗu, kowanne kimanin kilomita 5. Na sa sunana, amma da na ga kekunan wasu daga cikin abokan karawa sai jikina ya yi sanyi. Shin nawa zai iya? Kuma me ya kamata in yi a makonni shida da suka rage?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kekenka zai iya, matuƙar birkinsa na kamawa, giyarsa na canzawa ba tare da sarƙa ta zame ba, kuma babu tsagewa a jikin ƙarfensa. Wannan wasa ma ai da tsofaffin kekuna ya fara, domin a shekarun 1970 matasan yankin Marin a jihar Kalifoniya ta Amurka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze, kwarababbun kekuna masu nauyi suka riƙa gyarawa suna gangaro duwatsu da su. Sai a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a ƙarƙashin hukumar kekuna ta duniya, UCI, a garin Durango na Amurka, sannan wasan ya shiga gasar Olimfik a Atlanta a 1996. Tsarin da abokanka suka zaɓa shi ne ainihin tsarin Olimfik, inda ake kewaya hanya mai tsawon kimanin kilomita 4 zuwa 6 sau da yawa, ƙwararru su kammala cikin kusan awa ɗaya da rabi.

A ganina ba tsadar keken wani ce za ta kayar da kai a Tingelin ba. Ƙaya da rana da zumuɗin farko su ne abokan gabarka, kuma dukkansu ana iya yi musu shiri tun daga gida.

Mu fara da ƙaya, tunda duk wanda ya taɓa bin hanyar gona da rani a ƙasarmu ya san aikin tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Ƙwararru sun daɗe da barin tub, suna amfani da taya mai riƙe iska da kanta, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙaramar huda nan take yayin da ƙafar keken ke juyawa. Idan ƙafafun kekenka ba sa karɓar irin wannan taya, akwai dabarar da masu faci suka sani: a tsaga tsohon tub a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub domin ya zama garkuwa. Zai ƙara ɗan nauyi, amma nauyin bai kai na tura keke da hannu ba. Ka riƙe tub guda na ko-ta-kwana da ƙaramin famfo da ƙarafan cire taya a aljihun riga, kuma ka zauna a tsakar gida ka yi ta gwada canzawa har sai ka iya gamawa cikin minti biyar ba tare da taimakon kowa ba. Game da iska kuwa, kada ka bi al'adar masu faci ta ɗura taya har ta yi tauri kamar dutse. Wannan ya dace da kwalta da dakon kaya, amma a kan tsakuwa taya mai tauri tsalle take yi maimakon ta kama ƙasa. Ga mai amfani da tub, iskar da ta kai bar 2 a ma'aunin ƙarfin iska na famfo ko ta ɗan haura kaɗan ta wadatar wa mai matsakaicin jiki, kuma idan ta yi ƙasa da yawa dutse zai matse tub ɗin da bakin ƙarfe ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji.

Sai rana. Ƙarshen Fabrairu a kwarin Binuwai hunturu ya riga ya tattara kayansa, zafin bazara ya fara leƙowa, kuma iskar ta bushe ƙwarai, ta yadda gumi ke ƙafewa kafin mutum ya lura cewa yana zubar da shi. Ka lissafa wa kanka rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, kana kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta zo, kuma ka sa ɗan gishiri da sukari a ɗaya daga cikin gorunan. Ka ci abin da cikinka ya saba da shi, kunu da burodi ko shinkafa, awa biyu zuwa uku kafin a tashi, sannan ka zuba dabino a aljihu saboda zagaye na uku. Ranar tsere ba ranar gwada sabon abin sha mai ƙara kuzari ba ce. Idan ka ji jiri, ko tsigar jikinka na tashi alhali rana na dukanka, ko ka ga gumi ya ɗauke, ka sauka ka nemi inuwa ba tare da jin kunyar kowa ba. Ina kuma roƙon masu shirya tseren su saki mutane da ƙarfe bakwai na safe, kada jawaban manyan baƙi su kai su hantsi.

Na ukun, wato zumuɗin farko, shi ne ya fi cin 'yan koyo. Da an busa usur kowa zai fizga kamar kilomita ɗaya za a yi, domin kowa na son ya riga shiga ƙunƙuntar turba inda ba a iya wuce juna. Ƙwararre yana yin haka ne saboda ya horar da jikinsa ya farfaɗo yana cikin tafiya, ɗan koyo kuwa idan ya kwaikwaye shi sai ya ƙone ƙarfinsa a minti goma na farko, ya ƙarasa saura yana jan ƙafa. Ka yi zagayen farko da saurin da za ka iya furta kalma uku ko huɗu ba tare da numfashi ya sarƙe ka ba. Da yawa daga waɗanda suka bar ka da ƙura za ka tarar da su a hawa na zagaye na uku.

Makonni shidan nan ka raba su haka: kwana biyu a mako ka nemi hawa mai cin minti uku zuwa biyar ka hau da ƙarfi, ka sauko a hankali, ka maimaita sau huɗu ko biyar, rana ɗaya ka yi doguwar tafiya ta awa biyu a natse, sauran ranakun hutu ne ko ɗan zagaye marar wahala. A makon ƙarshe ka rage aikin zuwa rabi. Mafi amfani duka shi ne ka je wurin tseren da kanka sau biyu ko uku ka haddace shi, ka san inda za ka sauke giya kafin hawa ya fara, domin sarƙa ba ta son a canza mata wuri ana tsaka da danna feda da ƙarfi. A gangara ka ɗaga daga sirdi, ka daidaita fedoji biyu, ka ja jikinka baya kaɗan, idonka na kan inda kake son bi, domin keke yana bin ido, kuma wanda ya ƙura wa dutse ido shi zai doka. Ka tabbatar da hannun da ke riƙe birkin gaba, saboda kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa: na Faransa birkin gaba yana hagu, na Ingila yana dama. Hular kwano kuwa dole ce, kuma ba ta babur ba.

TAMBAYA: Malam, ni a Kusiri nake, kuma daga nan har tsallaken kogin Logon zuwa Injamena babu tudun kirki. Ta yaya zan yi shirin tseren da za a yi a wuri mai duwatsu kamar Ngaundere?

AMSA: Ɗan'uwa, kana da iska da rairayi, kuma su biyun suna iya maye maka gurbin tudu. Ka sa giya mai nauyi ka fuskanci iskar hunturu na minti biyar kana zaune a sirdi, ka juya ka huta, ka sake. Rairayin busasshen rafi, wanda maƙwabtanmu Fulani ke kira mayo, yana buƙatar ƙarfin cinya irin na hawa, yana kuma koya wa mutum riƙe kan keke da sassauci ba tare da daina feda ba. Abin da fili ba zai koya maka ba shi ne gangara a kan dutse, don haka ka isa Ngaundere kwana biyu kafin tseren ka gwada hanyar. Garin yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga teku, safiyarsa na da sanyin da mutumin Kusiri bai saba da shi ba, saboda haka ka tafi da riga mai kauri ta ɗumama jiki kafin a tashi.

TAMBAYA: Idan tayata ta yi faci a tsakiyar tsere, ya halatta ƙanena ya miƙo mini wani keken?

AMSA: A dokar UCI ba a canza keke gaba ɗaya a irin wannan tsere, kuma taimako daga waje ba ya halatta sai a wuraren da aka keɓe don gyara da miƙa ruwa, inda ake iya canza ƙafar keke. A ko'ina ban da nan kai ne makanikin kanka, kuma idan ka bar hanya dole ka koma ta daidai inda ka fita. Tseren unguwa yakan sassauta, amma ka tambayi masu shiryawa kafin a tashi, kada gardama ta biyo bayan sakamako. Faci kuma ba ya nufin an gama da kai. A gasar Olimfik ta Paris a 2024 tayar gaba ta Tom Pidcock na Birtaniya ta sace yana kan gaba, aka canza masa ƙafar a wurin gyara, ya yi asarar fiye da rabin minti, amma ya bi sawu ya wuce Victor Koretzky na Faransa a zagayen ƙarshe ya ɗauki zinare. Wanda ya zo na uku a ranar, Alan Hatherly, ɗan Afirka ta Kudu ne, kuma a 2024 ɗin ya zama zakaran duniya a ƙasar Andora.