Ku Tambayi Baba Saje: Me Ya Sa Fistol Ke Cijewa Da Harsashi Marar Kai?

TAMBAYA: Baba Saje, barka da war haka. Ni ɗan sanda ne, shekarata biyu da fitowa daga horo. A wajen atisaye na ga ana ɗaura wa manyan bindigogi wani ƙarfe mai launin ja a baki, su yi ta ɓarin harsashin nan marar kai ba tsayawa. Da malaminmu ya gwada da fistol kuwa, harbi ɗaya ta yi ta cije, sai da ya ja samanta da hannu. Lalacewa ta yi? Wani abokina ya ce akwai mai walda a unguwarsu da zai iya gyara ta ta riƙa harbawa a jere, mu samu mu riƙa koyo ba fargaba. Ina gaskiyar lamarin? Ɗanka, daga Gombe.

AMSA: Ɗana, lafiyar fistol ɗin ƙalau. Abokin naka ne yake buƙatar gyara.

Mu fara da harsashin kansa. Na gaske yana da kwanso, da albarushi a ciki, da ɗan ƙyastu a gindi wanda allurar bindiga ke duka, sannan da kai, wato dalmar da ke fita ta yi ɓarna. Wanda muke ce wa bilank a bariki yana da komai ban da kan. An tattare bakin kwanson ne kawai kamar bakin zariya don kada albarushin ya zube. Ga ƙara, ga wuta, ga hayaƙi, amma holoƙo ne hadarin kaka.

Abin da ba a cika yi muku bayani a wajen horo ba shi ne, fistol mai ɗura wa kanta harsashi da wannan kan take aiki. Kan harsashin milimita 9 nauyinsa wajen giram 8 ne, yana fita da gudun kusan mita 350 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ya fita yana toshe bututun, iskar albarushi ta rasa hanya, ta tura shi gaba, ta tura bindigar baya. Wannan turin na baya shi ke jan saman fistol, ya tofar da kwanson da ya ƙone, ya ɗana kunama, ya ɗauko sabo daga magazin, wato gidan harsashi. Ka taɓa shiga kwale-kwale a Dadin Kowa? Idan gorar mai tuƙi ba ta taɓa ƙasan ruwa ba, duk ƙarfinsa jirgin ba ya gusawa. To haka fistol take da bilank: iska ta sami ƙofa a buɗe ta fice, babu abin da za ta tokara.

Ƙarfen nan mai launin ja da ka gani a bakin manyan bindigogi aikinsa ke nan, ya rage ƙofar. Bindiga irin AK-47 da iskar albarushi take sarrafa kanta, don haka da an matse baki iskar ta taru, shi ke nan. Ana shafa masa ja ko rawaya ne domin malami ya hango daga nesa cewa wannan bindigar a atisaye take. Fistol kuwa ta fi haka gardama. Yawancin masu cin milimita 9, tun daga Browning Hi-Power ta 1935 wadda na fi daɗewa ina kwancewa da ɗaurawa, har zuwa Beretta 92 da Glock 17, bututunsu da samansu a kulle suke da juna lokacin harbi. Sai sun ja baya tare 'yar tazara kaɗan sannan kullin ya saki. Matse baki kaɗai ba ya sakin wannan kulli. Dole sai an canza kayan ciki, kuma masana'anta ce ke yin wannan, ko ƙwararren mai kula da makamai da hukuma ta ba izini. Yadda ake yi ɗin ba zan zana shi a shafin mujalla ba, kuma ko na zana ba zai amfane ka ba.

Dalilina shi ne, ranar da aka matse bututun fistol ta tashi daga bindigar aiki. Idan harsashi mai kai ya shiga cikinta bisa kuskure, kan ba shi da hanyar wucewa, ƙarfen zai tarwatse a hannun mai riƙe da ita, a daidai fuskarsa. Mai waldan unguwa ba shi da abin auna ƙarfin iskar da ke cikin bututun nan, da ido zai yi. Kuma a waje ba za ka bambance wadda ya taɓa da wadda bai taɓa ba. Ka ɗauka an mayar da ita ma'ajiya, gobe an ba wani abokin aikinka ya fita sintiri da ita.

Shi ya sa masu yin abin da gaske suke fara toshe hanyar kuskure tukuna. Kayan Simunition, na wani kamfani a Kanada, ana cire bututun asali ne a sa nasu wanda harsashin gaske ba ya zama a cikinsa, a harba wani ɗan harsashi mai fenti da ke barin tabo a riga. Glock ma suna da 17T, shuɗiya, an ƙera ta don horo kawai. Duk da haka ba a shiga wannan atisaye sai da abin kare fuska da wuya.

Ga kuma doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Wadda ke ƙugunka ta gwamnati ce, lambarta na cikin littafin ma'ajiya. Kai ta shagon walda kaɗai ya isa ya raba ka da kakinka, ya haɗa ku da mai waldan a gaban alƙali.

Kalma ɗaya ce a wasiƙarka ta fi damuna: "ba fargaba". Dubi 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah. Albarushi zalla suke ɗurawa, ba dalma, amma ka taɓa ganin sun saita jama'a? Sama suke ɗagawa, domin sun gaji sanin cewa wutar da ke fita a baki tana ƙuna, tana makantarwa, a kusa kuma tana kisa. A 1984 wani ɗan wasan talabijin a Amurka, Jon-Erik Hexum, ya ɗora libarba mai bilank a gefen kansa da wasa ya ja kunama. Ƙarfin iskar ya fasa ƙashin kan, ya mutu yana da shekara 26. A 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu a wajen ɗaukar fim saboda wani kan harsashi ya maƙale a bututu tun da farko ba wanda ya leƙa. Da aka harba bilank sai ya turo shi kamar harbin gaske. A watan Yunin 2008 kuma, a garin Karkason na Faransa, soja ya harba na gaske a madadin bilank lokacin da ake nuna wa iyalai atisaye, mutum 17 suka ji rauni, babban hafsan sojan ƙasa ya ajiye aiki.

Ni ma na kusa ganin irinta. Wata safiya da hazon hunturu, kafin atisaye, na jera yara ina lalube aljihu kamar yadda na saba, suna ta gunaguni wai Saje ya cika naci. A jakar magazin ta wani yaro, can ƙasa inda ɗinki ya naɗe, yatsana ya taɓo abu mai santsi. Harsashi ne mai kai, guda ɗaya, saura daga harbin makon da ya wuce. Yaron ya rantse bai san da shi ba, kuma na yarda da shi, don leɓensa rawa yake yi. Da ya faɗo cikin sauran a lokacin ɗuri, da hannu mai sanyi da gaggawa, shi ke nan. Tun ranar nake sa a juye kowace jaka a kan bargo, in ƙirga abin da na bayar, in ƙirga kwanson da ya dawo.

In koyo kake so, je wurin mai kula da ma'ajiyarku ka roƙi a ba ku lokaci da harsashin gwaji, wanda ba albarushi ba ƙyastu, a gaban malami. Ku cire magazin, ku ja sama, ku leƙa ciki da ido, ku sa yatsa, sannan ku yi ta koyon zaro bindiga, saiti da matsa kunama ba tare da bakin ya girgiza ba. Yawancin masu kuskuren harbi a nan suke faɗuwa, ba a ƙarar harbi ba. Jan saman nan da ka ga malaminku ya yi bayan kowane harbi ma kada ka raina shi, shi ne abin da hannunka zai yi ranar da fistol ta cije maka a bakin aiki. Ka gaishe min da abokin naka, ka ce mai waldan ya ci gaba da ƙyauren shago.