Kafin ka tambayi kyamara nawa, tambayi fuskar wa kake son gani

Assalamu alaikum. Alhaji, tun daren jiya na ga tambayarka, cewa ka kammala ginin siton hatsi a wajen Dawanau kana so ka sa kyamarorin tsaro, wani ya ce maka huɗu sun isa, wani ya ce sai goma sha shida, kana kuma neman sanin kamfanin da ya fi inganci. Na ga 'yan'uwa sun yi ta jero maka sunaye. Ni ba mai haɗawa ba ne, ba na kuma sayar da su. Kayan gini nake sayarwa, siminti da rodi da kwano. Amma sau biyu ina sa kyamara a wuri ɗaya, na farkon asara ce tsagwaronta, shi ya sa na ce bari in sa baki.

A karon farko mai haɗawar ko zagaya filin bai yi ba. Daga bakin ƙofa ya ce, "Oga, guda nawa kake so?" Na ce takwas. Ya hau tsani ya liƙa su can ƙarƙashin rufi, kusan mita shida daga ƙasa, wai don kada hannun ɓarawo ya kai. Da ya kunna talabijin sai ga filina gaba ɗaya tar, har da awakin maƙwabta a bayan katanga. Na ji daɗi, na cika masa kuɗinsa har da na mai.

Bayan 'yan watanni rodi ya fara raguwa. Muka zauna ni da yarona muna mayar da hoto baya, har muka iso wani dare wajen ƙarfe biyu. Ga mutum uku nan suna zare rodi ɗaya bayan ɗaya suna miƙa wa wani ta saman katangar baya. Mun ga komai, amma ba mu ga kowa ba. Saman hula da kafaɗa kawai. Da ka jawo hoton kusa sai fuskar ta tarwatse ta koma kamar saƙar tabarma. Ɗan sandan da na kai wa ya kalla sau biyu ya ce, "To Alhaji, wa ka gane a ciki?" Na yi shiru. Har yau ina zargin wani a raina, ban kuwa taɓa iya furtawa ba.

Daga baya na fahimci lissafi ne, ba rashin sa'a ba. Kyamarar da ake kira 2MP ko 1080p ɗigo 1920 gare ta a faɗi, su take rabawa a kan duk abin da take kallo. Akwai ma'aunin da masu wannan sana'a suke bi a duniya: ɗigo 25 a kowace mita ya isa ka san mutum ne ya wuce, 125 ka shaida wanda ka riga ka sani, amma baƙon fuska sai da ɗigo 250. Raba 1920 da 250, za ka samu ƙasa da mita takwas. Wato duk kyamarar 2MP da ke kallon wurin da ya wuce mita takwas a faɗi, ka cire rai da kama fuskar baƙo. Tawa filin mita arba'in take kallo.

Saboda haka aiki biyu ne, kada ka ɗora wa kyamara ɗaya. Akwai ta kallon fili, mai ido 2.8mm, wadda ke ɗaukar wuri da faɗi ta nuna maka ta ina aka shigo, ina aka nufa. Wannan ko a sama take babu laifi. Sannan akwai ta kama fuska, mai ido 4mm ko 6mm, a inda dole mutum ya bi: babbar ƙofa, ƙofar sito, wurin sikeli, da inda ake karɓar kuɗi. Ita kada ta wuce mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa, tana fuskantar mai shigowa. Za a ce maka ai za a iya fasa ta. A fasa ɗin, kafin hannunsa ya kai ta riga ta ɗauke shi.

A ganina ma, a sito irin naka ba ɓarawon dare ne babban abin tsoro ba. Lokacin lodi ne, rana tsaka, 'yan dako suna shiga suna fita, mai ƙirga ya juya amsa waya, buhu biyu sun haye mota babu su a takarda. Ka sa guda a ƙofar lodi ta gefe, yadda za ka iya zama daga baya ka ƙirga buhunan da idonka. Ka tabbatar mai WDR ce, wato mai iya daidaita haske da duhu a hoto ɗaya, domin cikin sito duhu ne, waje kuma ranar Kano, kyamarar da ba ta da shi baƙar inuwa kawai za ta nuna maka a bakin ƙofa.

Kada ka cika wa mai haɗawa kuɗinsa sai an gwada. Ka sa yaro ya sa hula ya shigo da azahar, ya sake shigowa bayan isha'i, sannan ka duba abin da na'urar naɗar hoton ta ajiye, ba wanda ake gani kai tsaye ba. In ba ka gane shi ba, aiki bai ƙare ba.

Sai wuta, wadda ita ce ke kashe yawancin kyamarorin da ke garin nan. Ka shiga shaguna ka duba, da yawansu kwalliya ce, da an ɗauke wuta sun makance. Janareta ba mafita ba ne, don ana rufe sito ake kashe shi, lokacin kuwa ake buƙatarsu. Abin daɗin shi ne ba su da ci. Kyamara takwas da na'urar naɗarsu wajen wat 70 suke ci ko da dare. Batir ɗaya mai 200Ah na volt 12, in ba ka so ka kashe shi da wuri rabinsa kawai za ka riƙa ci, zai riƙe su awa 14 zuwa 15. Ka haɗa masa sola da ƙaramar inbata, amma layinsu daban. Na nanata, daban. Ni da na haɗa da na ofis, maigadi ya gano akwai wuta a soket ko da yaushe, ya jona fanka da cajin wayoyin rabin unguwa, kafin asuba batir ya kwanta. Ban ga laifinsa sosai ba, zafi ake yi. Na ware masa nasa.

Maganar ajiya kuma, ka tambayi kanka: in buhu ya ɓata yau, yaushe zan sani? In sai ƙarshen wata kake ƙirga kaya, na'urar da ke goge hoto bayan mako ɗaya ba ta amfane ka da komai ba. Kyamarar 2MP a tsarin matse hoto na H.265, in aka saita ta a megabit biyu, tana cin kusan gig 21 a rana. Takwas sun kama wajen gig 170. Faifan ajiya mai 2TB, wato gig dubu biyu, kwana 11 ke nan, wata guda sai ka nemi 6TB. Ka kuma dage a sa maka wanda aka yi don wannan aikin, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, a buɗe kwalinsa a gabanka. Akwai masu cusa tsohon faifan kwamfuta su karɓi kuɗin sabo.

Ita na'urar naɗar, DVR ce ko NVR, kada ta zauna a kan tebur kusa da talabijin. Ɓarayin yanzu ita suke fara nema. Ka ɓoye ta a akwatin ƙarfe mai shan iska, inda mutum biyu kawai suka sani, a ja waya zuwa talabijin. Tsohuwar tawa da ta lalace na bar ta a fili a ofis da 'yar fitilarta, wanda ya zo ya ɗauka.

Tunda sabon gini ne, ni NVR zan ce ka ɗauka, wato wadda ke aiki da waya irin ta intanet, mai PoE, wato waya ɗaya ce ke kai wuta ta dawo da hoto. Iyakarta mita 100, in ta wuce sai an sa na'ura a tsakani. Ka nemi waya irin Cat6 mai jan ƙarfe zalla, ba wadda aka yi wa fentin jan ƙarfe a kan alminiyam ba. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki mayar musu. Kuma komai a cikin bututu. Siton hatsi gidan ɓera ne, wayar da ke tsirara abincinsa ce. A sa maka kariyar tsawa kafin damina.

Da hunturu ƙura na rufe gilashin, ga yanar gizo, ta gaske ba ta intanet ba. Hasken daren kyamara na jawo ƙwari, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a kan ido, da dare sai ka ga fari fat. Doguwar gora da tsumma a bakinta, duk ranar Juma'a, shi ke nan.

Lambar sirri kuwa, ranar da aka gama aiki ka canza ta da hannunka, asusun manhajar wayar ma a buɗe da lambarka, ba ta mai haɗawa ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin naɗa waɗanda masu su ba su canza lambar da suka zo da ita ba, aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix na wasu awanni a Amurka. Kai dai ba wannan ne damuwarka ba, damuwarka kada wani ya kwanta a ɗakinsa yana kallon lokacin da maigadinka ke barci. Yaranka a buɗe musu asusun kallo kawai, wanda ba ya gogewa.

Ka kuma duba inda idonsu ke kaiwa. In akwai gidan mutane a bayan katangarka, kada ko ɗaya ta leƙa tsakar gidansu, akwai iyali. Na'urar tana da wurin da ake toshe wani sashe na hoto da baƙi, a yi a gaban maƙwabcin ya gani. Banɗaki babu maganarsa. Ma'aikata a faɗa musu, a rubuta a bango cewa akwai kyamara. Hoton mutum bayaninsa ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, don haka in an kama wani kada a yi gaggawar watsa shi a Facebook. Agogon na'urar kuma ya zama daidai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a nuna wa kotu na'urar tana aiki yadda ya kamata, hoton da kwanan watansa ya kauce kuwa ka ba lauyan wancan ɓangaren abin kamawa.

Batun kamfani, Hikvision da Dahua su suka cika kasuwa, duka biyun suna aiki, kuma ba za ka rasa mai gyara ba. Ka dai karɓi rasit da garanti. Yawansu kuwa ba zan iya faɗa daga nan ba. Zana min siton a takarda, ka nuna ƙofofi, wurin sikeli, inda mota ke tsayawa, tsawon katanga da gefen da ke kallon daji, ka ɗauki hoto ka turo nan. Ni yanzu shida gare ni a inda da nake da takwas, uku daga cikinsu a ƙofa suke.