Amsa ga Malam mai tambaya kan audugar siramik

Malam, ka ce audugar siramik (abin da ake shimfiɗawa cikin murhu don riƙe zafi) ɗin maƙerarka a Gombe ta fara marmashewa duk da ka shafa mata maganin ƙarfafawa. Gaskiya ba laifin shafin ba ne. Zaren nan alumina ne da silika, asalinsa kamar gilashi, da zarar zafi ya kai wajen digiri 1000 na ma'aunin Celsius sai ƙwayoyin mulait (wani ma'adini na alumina da silika) su fara fitowa cikinsa suna girma, zaren ya tsuke, taushin ya tafi, in ka matsa da yatsa ya ruguje kamar busasshen ƙuli. Shafin fuska kawai yake karewa daga harshen wuta. Kuma digiri 1260 ɗin da aka rubuta a kwalin audugar iyaka ce, kar ka riƙa kai ta can kullum. Don Allah ranar cire tsohuwar ka yayyafa ruwa ka sa takunkumi, ƙurar tana lahanta huhu sosai.