Tambaya da Amsa: An ce yarona yana da ADHD, ko gwamnati na ba da wani taimako?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Garin Malam a nan Damagaram, yarona shekararshi 9 yana CE2, ba ya iya zama wuri guda ko na minti biyar, bana sau biyu mushe na koro shi gida wai yana hana yara karatu, kullum sai ya yar da bik ko kaye, amma wlh ba daƙiƙi ba ne, in ka ba shi labari sau ɗaya ya riƙe. Wani likita ya ce yana zargin TDAH ne, wato matsalar rashin iya maida hankali da rashin zama wuri guda, wanda nake gani a intanet ana cewa ADHD. Yayana da ke Faransa ya ce can gwamnati na ba iyayen irin yaran nan kuɗi duk wata har da mai zama kusa da yaro a aji. Dan Allah mu nan Nijar akwai irin wannan? Ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi, ya ba ki ladan haƙuri. Bari in fara da wadda ba daɗi tukuna, dan kar ki ƙarar da kuɗin kabu-kabu ofis ofis: a nan babu wani kuɗin wata da ake ba yaro dan kawai an ce yana da TDAH. Amma fa ba shi ke nan ba, akwai abin da doka ta ba shi kuma akwai abin da za ki iya karɓo mishi.

Abin da yayanki ya faɗa gaskiya ne, sai dai rabin labarin ya ba ki. A Faransa akwai dokar 11 ga Fabrairu 2005 da ta kafa ofishin masu naƙasa a kowane dapartama da ake kira MDPH, nan iyaye ke kai dosiye. In an amince ana ba da alawus ɗin yaro mai naƙasa ɗan ƙasa da shekara 20, shi ne AEEH, ana iya ba shi mai raka shi aji, shi ne AESH, a jarabawa kuma a ƙara mishi kashi ɗaya cikin uku na lokaci, wato jarabawar awa 3 ta zama awa 4. To amma ba sunan ciwon ake biya ba, sai kwamiti ya zauna ya auna yadda abin ya hana yaron tafiyar da rayuwarshi, in awon bai kai kashi 50 cikin 100 ba ko dala ba a ba da AEEH, kuma iyaye kan yi wata da watanni suna jiran amsa. Yara da yawa masu ADHD a can ba su samun kuɗin, abin da suke samu wata yarjejeniya ce da ake yi a cikin lakwal ɗin kanta da sa hannun likitan makaranta, sunanta PAP, ba ta ma bi ta MDPH. Ki riƙe wannan dan zan dawo kanta. Ingila ma haka ne, alawus ɗin yaro ɗan ƙasa da shekara 16 DLA ne, na babba PIP, kuma fom ɗin PIP tambayarka yake yi ko kana iya girki, wanka, riƙe kuɗi, fita kai kaɗai. Amurka kuwa tun dokar 1973 suke da sashe na 504 da ke tilasta ma makarantar gwamnati ta gyara ma yaro zaman aji. Duk inda kika je tambayar ɗaya ce, me abin ya hana shi yi, kuma wa ya shaida a takarda.

Mu dawo gida. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, kuma ma'anar naƙasa a ciki ba ta tsaya ga gurgu da makaho da kurma ba, ta haɗa da tawaya mai daɗewa ta tunani da ta ƙwaƙwalwa wadda ke hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da kowa. Kafin nan muna da odonans 93-012 ta 1993 da aka gyara a 2010, sai kuma doka 2019-62 ta Disamba 2019. A cikin dokokin nan ne aka yi maganar haƙƙin karatu, da katin shaidar naƙasa, da sauƙin kuɗin asibitin gwamnati, da kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 zuwa sama. A takarda ƙofa buɗe take. A aikace kuwa, kuma wannan ra'ayina ne bayan shekarun da na yi ina aikin jin daɗin jama'a, idon ma'aikatanmu ya saba da naƙasar da ake gani, in kika shigo da yaro lafiyayye yana tsalle yana taɓa wannan yana taɓa wancan abin da za a fara ce miki shi ne ai wannan ƙiriniya ce kawai, ki sa mishi bulala. Ba mugunta ba ce, ba a koya musu ba ne.

Shi ya sa komai daga takardar likita yake farawa, kuma "ina zargi" ba takarda ba ce. Ki kai shi babban asibitin Zinder, ɓangaren yara ko na ƙwaƙwalwa, kuma dan Allah kar sunan ɓangaren ya tsorata ki, zuwa can ba ya nufin hauka. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce alamomin su fara kafin shekara 12, su yi aƙalla wata 6, a gan su a wuri biyu ko fiye, misali gida da lakwal da makarantar allo, kuma su zamo suna cutar da shi da gaske. Kusan yara 5 cikin 100 ne ke da shi a duniya, kuma gado na da babban hannu a ciki, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma baki aka yi mishi ba. Amma a yanayinmu sai an tace sosai, dan akwai abubuwan da ke kama da shi: yaron da ba ya ji da kyau, mai farfaɗiyar nan ta ɗaukewa na ƴan sakan ba faɗuwa, wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa hawa ma kai, mai ƙarancin jini, wanda ba ya samun barci ko yake zuwa aji da yunwa, har da wanda Faransancin ne kawai ba ya shiga kanshi sai ya koma wasa. In likitan ya ga sai an tura ku Yamai ki karɓi takardar turawa, ƙwararrun fannin mafi yawa can suke, tafiyar kusan kilomita 900 ba a yin ta ba takarda a hannu.

Ki roƙi likitan kar ya rubuta TDAH ya tsaya, ya rubuta me yaron ya kasa da me yake buƙata, ki yi fotokofi uku ki ajiye ta asalin a ƙasan akwati. Ɗaya ki kai ma sabis sosiyal na asibitin, ɗaya ofishin aksiyon sosiyal na jiha inda ake maganar katin, su ne za su auna ko nashi ya kai, in ya zo da farfaɗiya ko jinkirin fahimta dosiyen ya fi ƙarfi. Ki leƙa wurin tarayyar ƙungiyoyin masu naƙasa ma, FNPH, sun fi kowa sanin wane tebur ke aiki wane ne ke ɓata lokaci.

Ta ukun ita ce ta fi muhimmanci a wurina, ta diraktan lakwal, dan ita ce PAP ɗinmu ta gida. Na taɓa raka wani uba wata lakwal, ajin zana ne yara sun haura 80, yaron nashi yana can layin ƙarshe bakin ƙofa yana kallon awaki, mun shiga ofis ko gaisuwa ba mu gama ba ya kwance murfin bik ɗin dirakta ya shige ƙarƙashin tebur nemanshi. Abin da muka roƙa bai ci ko dala ba: a dawo da shi layin gaba kusa da mushe, a riƙa ba shi umarni ɗaya ɗaya maimakon uku a jere, a raba mishi aikin gida gutsure gutsure, a naɗa shi mai goge allo da ɗauko alli dan ya samu dalilin tashi da izini, a daina hana shi fita rakiriyasiyo a matsayin horo tunda gudun nan shi ne ke kwantar da shi. Mushen ya fara turo baki wai shi da yara 80, gaskiyarshi ne, amma da ya ga takardar likita da tambari sai murya ta sauka. Yaron bai zama na ɗaya ba, amma ya daina dawowa gida da hantsi kuma ya wuce aji. Ku rubuta abin da kuka yarda a kai a takarda guda kowa ya sa hannu, dan baɗi wani mushen ne kuma baki ba ya gado. In an sake koro shi ki kai maganar gaban COGES, kwamitin iyaye da malamai mai kula da lakwal, in ba ta ɓulle ba sai wurin sufeton firamare, ki tafi da babanshi ko kawunshi in da hali, kin san yadda ofisoshinmu suke.

Maganar magani, wanda aka fi sani shi ne methylphenidate, Ritalin ke nan, yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa ma tsauraran matakai, sai da takardar magani daga ƙwararren likita da bibiyar nauyi da barci da bugun zuciya, kuma samunshi a famasi ɗinmu aiki ne. Kar yayanki ya aiko da na wani a gwada, kar kuma ki saurari masu tallar ƙwaya a tire da za su ce ga mai sa yaro natsuwa, na sa barci ne suke sayarwa.

Kafin ranar ganin likita ki sayi kaye na dala ashirin ko talatin, sati biyu ki riƙa rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru, ƙarfe nawa ya kwanta, me ya ci kafin lakwal, me ya yar, ki ba mushe da malamin allo su ma kowa ya rubuta layi biyar. Ki haɗa da karnen lafiyarshi da buletin ɗin bara da na bana ki tafi da su.