Me Ya Sa Masu Shan Jini Na Fim Suke Burge Ni?

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce a Samaru. Fina-finan masu shan jinin mutane ba sa ba ni tsoro, burge ni suke yi, har kunyar faɗa nake ji. Anya lafiyata kuwa?

Amsa: Ƙanwata, lafiyarki ƙalau, da gangan aka tsara su haka. Mayen da muka taso muna jin labarinsa a Zazzau kurwa yake kamawa, kowa gudunsa yake. Na Turawa kuwa ɗan gaye ne, ga baƙar alkyabba, ga murya ƙasa-ƙasa, kuma wuya yake nufa, wurin da sai na kusa ke kaiwa. A nan tsoro da sha'awa suke cakuɗewa.

Ni wanda ya kama zuciyata fim ɗin Dracula ne na 1992, wanda ɗan wasa Gary Oldman ya fito a matsayin Dracula, mai shan jinin. A kaset na kalle shi, a ɗakin yayata a Tudun Wada, daren hunturu. Mutum ya shekara ɗari huɗu yana begen matarsa da ta rasu! Wallahi na yi hawaye. Sai dai akwai wuraren da ba a kallo gaban yara.

Ki nemi fim ɗin Dracula na 1931 ma, wanda ɗan wasa Bela Lugosi ya fito. Kusan ba a ganin jini, da idanu kawai yake kama mutum.