Mai gini ya daina biya: ɗan kwangila na iya riƙe ginin?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ka kai gini har rufi, wanda ya ba ka aikin ya tsayar da biya, shin za ka iya hana shi mukulli ko ka kwashe kwano da ƙofofin da ka sa da kuɗinka? Don Allah kada ka cire ko ƙusa ɗaya. A mafi yawan dokoki, duk abin da aka kafa a ƙasa ya bi ƙasar. Bulon da aka ɗora, rodin da aka zuba wa kankare, kwanon da aka buga, duk sun zama na mai filin ko da bai biya sisi ba. Idan ka ɓalle su, mai bin bashi ya koma wanda ake tuhuma da ɓarna. Kayan da ke jibge ba a sa ba, su ne ake iya jayayya a kansu, shi ma sai in yarjejeniya ta ce suna nan a matsayin naka har a biya.

Kafin maganar kuɗi, bincika wane irin haƙƙi mutumin yake da shi a kan filin, domin bashinka ba zai fi ƙarfin takardarsa ba. Ba ko'ina ake mallakar ƙasa kacokan ba. A Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa na buƙatar amincewar gwamna. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda rashin wannan amincewa. Idan banki da lauyoyinsa sun yi tuntuɓe a nan, ina ga ɗan kwangila? A ƙasar Sin kuwa filayen birni na gwamnati ne, ana ba da izinin amfani na shekara 70 ga gidan zama, 50 ga masana'anta, 40 ga kasuwanci. Saboda haka ka je ofishin rajistar filaye a duba maka: sunan wa ke kan takarda, an jinginar da filin ko a'a, me aka yarda a gina a kai, shekara nawa suka rage. Idan filin gado ne, tabbatar sauran magada sun sa hannu. Idan ɗan haya ne ya ba ka aiki, haƙƙinka yawanci a kan hayarsa zai tsaya, ba zai taɓa filin mai gida ba.

Sai hanyar da dokar wasu ƙasashe ta tanada, wato ɗaura bashi a kan ginin. Wannan ba riƙe mukulli ba ne. Takarda ce da ake shigarwa a rajista, ta manne wa kadarar, ta yadda mai saye ko banki zai ga akwai bashi, har kotu na iya ba da umarnin sayar da ginin a biya ka. Amurka ce ta fi shahara da shi. Jihar Maryland ta fara yin dokarsa a 1791, lokacin gina birnin Washington. Amma haƙƙi ne mai saurin mutuwa, kwanaki ke kashe shi. A Kalifoniya, ƙaramin ɗan kwangila ko mai kawo kaya zai ba da sanarwar farko cikin kwana 20 da soma aiki, a shigar da takardar bashin cikin kwana 90 da kammala ginin (wa'adin na raguwa in mai gini ya yi rajistar kammalawa), sannan a kai ƙara cikin wasu kwana 90. A Ontariyo ta Kanada kwana 60 ne, kuma doka ta wajabta wa mai biya ya riƙe kashi 10 cikin ɗari domin masu irin wannan da'awa. Abubuwan da ke ɓata takardar ƙanana ne: kuskuren lambar fili, rubuta sunan wanda ba shi ne mai kadara ba, ƙara kuɗi fiye da aikin da aka yi, ko ƙirga kwanaki daga ranar da aka koma gyara famfo maimakon ranar da aikin ya ƙare. Ginin gwamnati kuma ba a ɗaura masa bashi. Shi ya sa dokar Miller ta 1935 ta tilasta ajiye lamunin biya a manyan ayyukan tarayyar Amurka.

Ingila ba ta da wannan tsari. Dokarta ta 1996 ta ba ɗan kwangila damar dakatar da aiki bayan sanarwar kwana 7, da kai rikici gaban mai yanke hukunci wanda zai yanke cikin kwana 28. Ka ga ke nan sai lauyan da ya san dokar inda filin yake ya gaya maka wacce ƙofa ce a buɗe. Ka gan shi a makon nan, kada ka jira alkawarin "gobe".

Kafin ka je, a auna aikin da aka yi, ɗaki-ɗaki, a ɗauki hotuna masu kwanan wata. Tara rasit, takardun karɓar kaya da duk saƙon da ya ce a ƙara ko a canza wani abu. Ƙarin aiki na baka shi ne inda kuɗin 'yan kwangila ya fi nutsewa. Rubuta wa wanda ya ba ka aikin takardar neman biya mai ɗauke da adadi da wa'adi. Kada ka tattara ma'aikata ka bar wurin ba sanarwa, domin zai ce kai ka karya yarjejeniya, ya nemi diyyar jinkiri.

Masu ba da aiki ma su ji: a wasu wuraren da ake ɗaura bashi, mai kawo siminti na iya kama gidanka ko da ka biya babban ɗan kwangila kaf, in shi bai biya shi ba. Maganinsa biya mataki-mataki, harsashi, linta, rufi, shafe, kuma a kowane biya ka karɓi takardar da masu kaya da ƙananan 'yan kwangila suka sa hannu cewa an sallame su zuwa wannan rana. Riƙe kashi 5 zuwa 10 har wa'adin gyaran aibi ya cika, wanda yawanci wata 6 ne zuwa 12, kuma a rubuta ranar sakin kuɗin a cikin yarjejeniyar.