Tambaya da Amsa: Masu Ƙirar Wuƙa a Zauren Gida

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon sun zo ne daga mutanen da ba su gaji ƙira ba, amma suka kafa 'yar maƙera a zaure ko a bayan gida suna gwada ƙera wuƙaƙe, wasu don sha'awa, wasu kuma don neman abin sawa a bakin salati idan Babbar Sallah ta matso. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Ni mai walda ne a Zariya. Na ƙera wuƙar farko da guntun rodi, na goge ta har tana ɗaukar ido, amma ko rago ɗaya ba ta gama feɗewa ba ta dakushe. Ta biyu na yi ta da sifirin mota, na sa ta a wuta ta yi ja, na tsoma ta a bokitin ruwa, sai na ji ƙas, na ɗago ta da tsaga tun daga baki har gadon baya. Ina kuskurena yake?

AMSA: Malam, kuskurenka biyu ne, kuma kowannensu ya taɓa samun duk wanda ya riƙe awartaki. Na farko yana wajen zaɓen ƙarfe. Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri idan an ba shi ruwa shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, rodin gini kuwa kabon ɗinsa kaɗan ne, domin an yi shi ne ya lanƙwasa a cikin kankare ba tare da ya karye ba. Ko sau goma ka tsoma shi a ruwa, bakinsa ba zai riƙe kaifi ba. Sifirin mota ya fi dacewa, don yawancinsa yana ɗauke da kabon kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, tsohon magagari kuma yakan kai kashi 1 ko ya ɗan haura, shi ya sa wuƙar magagari take da kaifi sosai amma ba ta son a daddatsa ƙashi da ita. Tun da kana da injin goge ƙarfe a shagonka, gwajin ba shi da wahala: ɗora ƙarfen a kan dutsen injin ka dubi tartsatsin. Idan ya fita dogo, miƙaƙƙe, babu rassa, ƙarfen ba na wuƙa ba ne, idan kuwa yana fashewa a ƙarshensa yana yin rassa kamar wasan wuta, to akwai kabon. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Katako ta Yamai, ba za ka rasa sifirin ba, sai dai ka duba shi da kyau, domin wanda ya shekara goma a ƙarƙashin motar kaya yakan ɓoye ƙananan tsaga waɗanda ba sa bayyana sai an gama wahala.

Kuskure na biyu shi ne ban ruwan, wato tsoma jan ƙarfe a ruwa ko mai don ya yi tauri, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka natsu, domin wuƙa a nan ake yin ta, sauran aikin duk ado ne. Ƙarfen sifirin ba ya son ruwan sanyi. Ruwa yana janye zafi da gaggawar da ta fi ƙarfinsa, bakin da yake siriri ya sandare nan take alhali gadon baya mai kauri bai gama sanyi ba, sai su ja juna ya tsage, wannan ita ce ƙarar da ka ji. Mai ake ba shi, kuma man gyaɗa ya isa, muddin ka ɗan ɗumama shi ya yi zafin da yatsa zai iya jurewa na ɗan lokaci, wato wajen digiri 50, domin mai mai ɗumi ya fi tsinkewa, ya fi kuma saurin ɗauke zafi daidai wa daida. Na san da yawa suna amfani da baƙin man inji saboda araha, amma hayaƙinsa guba ne, ban kuwa ga ribar da za ta biya huhun mutum ba.

Ga yadda tsarin yake. Bayan ka gama bugu ka fitar da siffa, ka mayar da wuƙar wuta ta yi ja, ka fitar ka bar ta ta huce a iska, ka maimaita har sau uku, domin wannan yana kwantar da gajiyar da masaba ta bari a jikin ƙarfen. Daga nan ka goge ta, amma kada ka fitar da kaifi tukuna, ka bar wa bakin kaurin milimita ɗaya ko kusa da haka, in ba haka ba zai karkace ko ya ƙone a wuta. Sai ka nemi maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, ka ɗaure shi a sanda. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai digiri 770, wurin da kake nema kuma yana ɗan gaba da nan, tsakanin 800 da 830. Saboda haka idan ka taɓa ka ji ya daina kamawa, ka mayar da ita wuta na ɗan lokaci launin ya ƙara haske kaɗan, sannan ka tsoma ta a mai a miƙe, tsini ko baki a gaba, kana motsa ta sama da ƙasa. Kada ka kaɗa ta gefe da gefe kamar mai dama kunu, don a nan take lanƙwashewa. Dalilin da ya sa tsofaffin maƙera suke son yin wannan aiki a rumfa mai duhu ko bayan faɗuwar rana shi ne, a hasken rana ido yana ruɗuwa, ƙarfen da kake gani ja-ja ne kawai ya riga ya wuce kima, ƙarfen da ya sha zafi fiye da kima kuwa ƙwayar cikinsa takan yi girma, ya zama mai saurin karyewa.

Idan ta huce, ka goga mata magagari a baki. In ya zame bai ci ba, ta karɓa. Sai dai a wannan halin wuƙar kamar gilashi take, in ta faɗi a siminti tana iya rabewa biyu, don haka kada ka bar ta ta kwana sai ka sassauta taurin. Wanda yake da murhun gashi mai ma'auni sai ya sa ta a digiri 200 na awa ɗaya ko biyu, ya bar ta ta huce, ya sake. Wanda ba shi da shi sai ya goge gefen wuƙar ya yi fari, ya ɗora gadon bayanta a kan ƙarfen da aka gasa, yana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Zai fara ganin launin busasshiyar ciyawa, sannan ruwan ƙasa, sannan shunayya, sannan shuɗi. Da zarar launin ciyawar ya isa baki sai a ɗauke a tsoma. In bakin ya kai shuɗi, wato wajen digiri 300, taurin ya ragu fiye da yadda wuƙar fiɗa take bukata, kuma wannan ne abin da ke faruwa ga masu wasa wuƙa da inji ba tare da suna tsoma ta a ruwa ba, suna ƙone bakin da hannunsu sannan su zargi maƙeri.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Maraɗi. Ɗana mai shekara goma sha tara ya nace sai ya kafa maƙera a ɗakin da muke ajiye kaya. Mu ba maƙera ba ne, ba mu gada ba, kuma ina tsoron wuta. Shin in hana shi?

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi. Ban ga dalilin hana shi ba, amma ɗakin ajiya kam a'a. Gawayi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce take kashe mutanen da ke kwana da kaskon wuta a lokacin hunturu, maƙera kuwa tana cin gawayi ninkin abin da kasko ke ci. Rumfa ake so, buɗaɗɗiya ta ɓangare biyu aƙalla, nesa da zana da tufafi. Ya ajiye man ban ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi, domin man yakan kama wuta idan jan ƙarfe ya shiga, murfin ne kuma yake kashe ta, ruwa sai dai ya watsa ta. Ya sa tabarau na kariya duk lokacin da ya kunna injin guga, ya bar kayan leda ya sa na auduga, kuma kada ya taɓa sa bututun ruwa ko wani ƙarfe mai farin shafe a wuta, saboda hayaƙin tutiyar da ke jikinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Batun gado kuwa, gaskiya ne ƙira a ƙasar Hausa sana'ar zuriya ce, tana da sarautarta ta Sarkin Maƙera, tana da rabe-rabenta tsakanin maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da wuƙa, da maƙeran fari masu zobe da munduwa. Tarihin Kano ma yana danganta zaman farko a gindin Dala da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Amma ban san gidan ƙira da ke korar yaro mai ladabi da ya zo koyo ba. Shawarata ita ce mahaifinsa ko kawunsa ya ɗauke shi da goro ya kai shi wurin wani dattijon maƙeri a garinku, ya fara daga jan zugazugi kamar kowa. Bidiyon intanet zai nuna masa siffofi masu kyau, amma ba zai koya masa bambancin gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fi so saboda nauyinsa da daɗewar wutarsa, da gawayin da ke zama toka kafin ƙarfe ya yi ja ba. Wata shida a gaban uwar maƙera, wato ƙarfen da ake bugu a kansa, zai rage masa asarar ƙarfe mai yawa, ke kuma hankalinki ya fi kwanciya tun da akwai babba a kansa.

TAMBAYA: Ni mahauci ne a Zangon Kumasi, ina ƙera wuƙaƙen aikina da kaina. Ƙota tana yawan girgiɗi bayan 'yan watanni, kuma wuƙar tana tsatsa a cikin kube ko da na goge ta.

AMSA: Sarkin fawa, girgiɗin ƙota yawanci daga ɗanyen itace yake, domin itacen da bai gama bushewa ba yakan motse ya saki ƙarfen, musamman idan iskar hunturu ta sauko. Ka nemi itacen da ya shekara a inuwa. Kanya da marke da aduwa da ƙirya duk suna da ƙarfi, ƙahon bijimi ma yana yi idan an gasa shi an miƙe. Maɗobiya tana da kyau ƙwarai, sai dai an sare ta har ta yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, an kuma sanya ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, don haka guntun tsohuwar kujera ya fi sabon sara. Ga mai aikin nama kullum, na fi son a bar wutsiyar ƙarfen da faɗinta har ƙarshen ƙota, a manna itace ta gefe biyu da gam mai haɗi biyu, a huda a sa ƙusoshin tagulla biyu ko uku a dandaƙe kawunansu. Ka tuna ka huda ramukan kafin ban ruwa, domin bayansa ƙarfen ba zai huɗu da sauƙi ba. Wannan ɗaurin yana da wata fa'ida ga sana'arka, wato ba ya barin ramin da jini da kitse za su taru su ruɓe.

Tsatsar kuma ka tuhumi fatar. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa ita ce ta dace da kube, ta kamfani wadda aka jeme da sinadarin kuromiyam kuwa tana iya cin ƙarfe idan danshi ya shige ta, za ka gane ta idan ka yanka ka ga cikinta toka-toka mai ɗan shuɗi. Ka gaya wa badukunka irin wadda kake so. Kowace iri ce dai, fata tana riƙe raɓa, Kumasi kuma gari ne mai damshi, saboda haka idan an tashi kasuwa ka wanke wuƙar, ka tsane ta sarai, ka shafa mata man kaɗe kaɗan, ka ajiye ta a waje da kuben.

TAMBAYA: Daga Katsina nake. Ina so in ƙera wuƙar da ba ta tsatsa, ko irin mai zane-zanen nan kamar ruwa da ake kira ta Dimashƙa. Zai yiwu da gawayi?

AMSA: Ɗan'uwa, ta farkon ka ajiye ta tukuna. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913, yana ɗauke da kuromiyam kimanin kashi 13 cikin ɗari, kuma taurara shi yana bukatar zafin da ya haura digiri 1000, a riƙe shi a nan na wasu mintuna ba hawa ba sauka, abin da wutar gawayi da ido ba za su iya tabbatar maka ba. Yawancin faranti da tukwanen silba da za ka samu a bola ma ba irin da ke karɓar tauri ba ne sam.

Mai zanen tana yiwuwa da gawayi, domin abin da ake sayarwa da wannan suna a yau ƙarfe ne iri biyu da aka jera falle-falle, aka gasa su har suka kusa narkewa, aka buge su suka haɗe, aka ninka aka sake bugu, sannan aka tsoma a ruwa mai tsami don zanen ya fito. Falle bakwai in an ninka sau huɗu sun zama 112. Sai dai zanen ba ya ƙara kaifi ko kaɗan, kuma ninki ɗaya da bai kama ba ya isa ya buɗe a tsakiyar aiki ya ɓata gawayin kwana uku. Ka fara ƙera wuƙar sifirin guda goma, ka ɗauki ɗaya daga cikinsu bayan ban ruwa ka karya ta da gangan ka dubi cikin karayar. In ka ga ƙwayar ta yi laushi kamar toka, wutarka ta daidaita, sai ka rubuto mana mu yi bayanin ninki. In kuwa ka gan ta tsakuwa-tsakuwa kamar sukari, zafin ya yi yawa, ka rage zuga ka sake gwadawa.